Tsutsa da saƙa a buhunan waken soya: allon maganin da ake ratayewa yana aiki kuwa?

Alhaji Mai Mangaza: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Tun watan 11 na zuba waken soya buhu 60 a mangazata da ke Ali Dan Sofo, da niyyar in riƙe shi zuwa faɗuwar ruwa in ya yi daraja. Sati uku da suka wuce na shiga da magariba na haska tocila, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin malam-buɗe-littafi suna shawagi a saman buhuna. Na kwance bakin buhu ɗaya, na tarar saman waken ya dunƙule da wata saƙa kamar ta gizo, ga 'yan tsutsotsi farare a ciki. Wani mai shagon maganin ƙwari ya sayar mini da wani allon roba rawaya, ya ce in rataye shi, wata huɗu ba ƙwaron da zai rayu a ɗakin. Na rataye. Gaskiya masu tashin sun ragu, kullum da safe sai yaro ya share gawarwakinsu. Amma jiya na kwance wani buhun, tsutsa na nan da ranta tana harkar gabanta. Jabu aka ba ni, ko ƙarawa zan yi?

Ɗan Jibiya: Wa alaikumus salam Alhaji. Wane irin allo kuma? Ka samo piya-piya ka dama da ruwa, a juye waken a tamfol a yayyafa, a mayar a ɗinke. Shekara nawa ina ɗauko kaya, abin da manyan 'yan kasuwa ke yi ke nan. Ko kiyashi ba zai kusanci buhun ba.

Hajiya Mai Awara: Innalillahi. Ɗan Jibiya, ashe ku ne? Wallahi bara na sayi tiya goma a kasuwa, ina zuba ruwa zan jiƙa wani wari ya buge ni har cikin ƙwaƙwalwa. Na wanke sau huɗu bai fita ba. Haka na ɗauka na zubar, ko dusar ban yarda na ba awakina ba. Yara 'yan lakwal ne ke cin awarar nan da safe, ciki ba komai. Ka ji tsoron Allah.

Ɗan Jibiya: Hajiya ni direba ne, ba ni ke zubawa ba. Abin da na gani na faɗa.

Hajiya Mai Awara: Ka gani, kuma ka kawo shi nan a matsayin shawara.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri. Malamin Gona yana nan? Ga tambaya ta taka.

Malamin Gona: Ina nan, ina kan babur ne ɗazu. Alhaji, kafin in ce komai, ɗauko takardar da aka naɗo allon a ciki ka karanta mini abin da aka rubuta a wurin sinadari. Sannan ka faɗa mini girman mangazar, da yadda rufinta yake.

Alhaji Mai Mangaza: An rubuta dichlorvos, ga wasu haruffa DDVP. Mangazar mita 6 ce da mita 4, tsayinta sama kamar mita 3. Rufin kwano ne, akwai 'yar tazara tsakanin bango da kwanon, ga taga ɗaya mai raga.

Malamin Gona: To madalla. Da alama ba jabu ba ne, tunda kana share gawa. Aikinsa yake yi, sai dai an sayar maka da shi a kan aikin da ba nasa ba.

Allon nan roba ce da aka shayar da dichlorvos, wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Maganin yana fita a hankali ya zama tururi a iskar ɗaki. Duk ƙwaron da ke tashi a wannan iskar zai shaƙa ya mutu. Amma tururin ba ya ratsa wake ya shiga tsakiyar buhu. Manoman Amurka da ke amfani da shi, a rumbunansu na ƙarfe suke rataye shi, a sararin da ya rage tsakanin saman hatsi da rufi, kuma tun kafin ƙwaron ya bayyana, don uwar ta mutu ba ta yi ƙwai ba. Kai kuwa ka rataye bayan uwar ta gama haihuwa.

Mai tashin nan da kake gani ba ya cin wakenka ko ƙwaya ɗaya. Kwanakinsa ba su wuce sati ɗaya zuwa biyu ba, ba abin da yake yi sai barbara da ƙwai. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 100 zuwa 300. Tsutsar ce ɓarauniyar, ita ke ci, ita ke yin saƙar, ita ke barin kashi. In ta ƙoshi sai ta fito ta nemi ɗinkin buhu ko tsagar bango ta naɗe kanta, ta fito da fiffike. A zafi irin na watan 4 a Maradi, daga ƙwai zuwa mai tashi bai fi wata ɗaya ba. Ka ga ke nan allonka jikoki yake kashewa, waɗanda ke cikin buhu kuwa ko labari bai kai musu ba.

Alhaji Mai Mangaza: Ikon Allah. To in na ƙara biyu ko uku fa, Malam?

Malamin Gona: Mu yi lissafi. 6 sau 4 sau 3, mita kubik 72 ke nan na cikin ɗaki. Buhu 60 na kilo 100 ba su ci fiye da mita 8 zuwa 10 ba. Saura sama da 60 iska ce. Babban allo an yi shi ne don abin da bai wuce mita 28 zuwa 30 ba, a ɗakin da yake rufe. Wato ko a lissafi biyu kake buƙata, wataƙila uku. Sai dai ga tazarar kwano, ga taga. Iska na shiga tana kwashe tururin, kana zuba ruwa a rariya. Zafin kwano kuma yana sa allon ya saki maganinsa da wuri, wata huɗun da aka ce maka ba lallai ya kai ba. Kuma ko goma ka rataye, amsar tsutsar cikin buhu ɗaya ce.

Baba na Tarna: Salamu alaikum. Ni abin da ya ɗaure mani kai, da can da munka fara ganin waken soya, ana cewa shi ƙwaro ba ya taɓa shi. Wakenmu na gida wata biyu ya zama gari, shi ko wanga sai ya shekara lafiya lau. Mi ya canza?

Malamin Gona: Baba, gaskiyarku. Ƙwaron da ke huda wakenmu na gida bai cika samun yadda yake so a waken soya ba. Ita ma tsutsar nan lafiyayyar ƙwaya mai ɓawonta tana ba ta wahala. Abin da take nema fasasshe ne, da ɓare-ɓare, da garin da ke taruwa a buhu. In an casa wake ya bushe ƙayau da sanda ko an bi ta kansa da mota, dole ya farfashe. Alhaji, wakenka tsabtatacce ne?

Alhaji Mai Mangaza: Gaskiya akwai fasasshe da ƙaiƙayi. Da sauƙi na same shi, shi ya sa. Kuma kafin in zuba shi akwai ragowar gyaɗa a kusurwa, ba mu kwashe ba sai daga baya.

Baba na Tarna: To ga ɓarawonka nan. Gyaɗa ita ta yi mashi masauki.

Ɗan Jibiya: Malam, tambaya ba don rigima ba. Na duba wata kwalba a gareji yanzu, ita ma DDVP aka rubuta. Ashe allon Alhaji da piya-piyata uwa ɗaya uba ɗaya ne. To me ya sa nasa halal, nawa haram?

Malamin Gona: Tambaya ce mai kyau, kuma ban ce nasa halal ne ba tukuna. Sinadarin ɗaya ne. Bambancin, allon yana sakin kaɗan-kaɗan a iska, ba ya taɓa abinci. Kai kuwa cewa ka yi a zuba ruwansa a jikin abin da za a ci, da ma'aunin ido. Waken soya kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinsa mai ne, kuma irin waɗannan magunguna suna son mai. Sannan abin da ake ɗurawa a kwalabe ana yawo da shi a kasuwa, ba mai iya rantse maka abin da aka gauraya a ciki.

Ku tuna abin da ya faru da maƙwabtanmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, dalilin kuwa dichlorvos ɗin nan ne da aka riƙa samu ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. An yi ta tsawaita hanin shekara da shekaru. A 2019 kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Su Turawan sun daɗe da cire shi daga magungunan gona. Mu nan yankinmu akwai kwamitin Sahel na magungunan ƙwari, CSP, ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, mazauninsa Bamako. Shi ke fitar da jerin abin da aka yarda a sayar. Duk maganin da za ka saya, nemi lambar amincewarsu a jikin takardar. In babu, ka san ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Ɗan Jibiya: Amma ai ana wankewa, ana tafasawa. Hajiya da kanta sai ta jiƙa ta markaɗa ta tafasa kafin ya zama awara. Ni na sha cin irin waken nan, ga ni garau.

Malamin Gona: Ba zan yi maka ƙarya ba, dichlorvos yana cikin masu saurin bajewa, iska da ruwa da wuta suna rage shi. Ragewa na ce. Nawa aka zuba, nawa ya rage, wa ya auna? Kuma ba mai ci kaɗai ba ne. Yaron da ya tsoma hannu ya cakuɗa waken, ta fata yake shigarsa.

Hajiya Mai Awara: Ga ka garau don kai ƙato ne. Kawo ɗanka na goye in ba shi madarar.

Majo: Ku ba ni dama, ni ma'aikacin asibiti ne. Akwai maganar da ta wuce ba wanda ya tsaya a kanta. Alhaji ya ce kullum da safe yaro na share gawar ƙwarin. Alhaji, yaron nan a ina yake kwana?

Alhaji Mai Mangaza: A cikin mangazar, bakin ƙofa daga ciki. Shi ne mai gadi. Da zafi yakan fito waje, amma tun da aka yi sata a layinmu na ce ya koma ciki.

Majo: Ranka ya daɗe, yau ɗin nan, ba gobe ba, ko allon ya fita ko yaron ya fita. A ƙasashen da ake sayar da allon bisa doka, an rubuta a jikinsa kada a sa shi a ɗakin da mutum ke zama fiye da awa 4 a yini, balle ɗakin kwana ko wurin girki. Yaronka awa takwas yake shaƙa kowane dare. Ka tambaye shi ko yana tashi da ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya. Alamomin wannan guba in ta yi yawa: yawu na dalala, gumi, hawaye, amai, ƙirji ya riƙe, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, nama na rawa. In an ga haka a fitar da mutum iska, a cire masa tufafin, a wanke jiki da sabulu, a nufi asibiti da takardar maganin a hannu don mu san abin da za mu yi. Akwai allurar da ake yi, atropine, tana ceto in an zo da wuri. Don Allah a daina ɗura wa mutum madara ko manja, a daina sa masa yatsa a maƙogwaro. Sau da yawa abin da aka ɗura ɗin ke sauka a huhu.

Alhaji Mai Mangaza: Subhanallahi. Satin jiya ya ce mini kansa na sarawa da safe, na ce zafi ne, na ba shi kuɗin magani. Na kira shi yanzu, na ce ya sa leda a hannu ya sauke abin, ya buɗe ƙofa da taga. Allah ya saka da alheri Majo.

Majo: Amin. Ka turo shi gobe a duba shi ko da ya ce ya warke.

Mai Shago: Na yi shiru ina karantawa, amma bari in kare sana'armu. Ba ni na sayar wa Alhaji ba, sai dai ina sayar da maganin ƙwari shekara goma sha. Mutum zai zo ya ce ba ni maganin ƙwari, bai ce maka ga irin ƙwaron ba, bai ce akwai mai kwana a ɗakin ba. In ka tsaya yi masa tambayoyi ya ce kana ja masa rai, ya wuce shagon gaba. Kuma ni a ganina abin da ya dace da Alhaji ƙwayar Phostoxin ce. Ita tana ratsa buhu har tsakiya, ta kashe tsutsa.

Malamin Gona: Tana ratsawa, wannan gaskiya ne. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin, kuma iskar na shiga ko'ina. Shigarta ko'ina ɗin ce matsalar. Tana bi ta tsagar bango ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma ta fi allon nan kisa nesa. Aikin wanda aka horar ne: a lulluɓe kayan da tamfol marar huda, a danne gefuna da yashi, a bar shi aƙalla kwana 5 zuwa 7, ba kowa a kusa, sannan a buɗe ya sha iska a kwashe tokar. Abin da ake yi a nan, a jefa ƙwaya a buhun algarara a ɗinke, iskar ta tsere cikin kwana ɗaya, ƙwai ya tsira, mutanen gida su shaƙa. Mangazar Alhaji a tsakiyar unguwa take.

Mai Shago: To a naɗe hannu ke nan a bar tsutsa ta cinye buhu 60?

Baba na Tarna: Wa ya ce a naɗe hannu? Ku yaran yanzu in ba a ce magani ba kamar ba a yi komi ba. Ga buhu mai leda biyu nan, PICS. Nan Maradi anka yi ta gwajinshi, ma'aikatan cibiyar binciken noma INRAN na nan Tarna tare da jami'ar Purdue ta Amurka, tun wajen 2007 anka fara yaɗa shi ƙauyuka. Ni da idona na ga an buɗe buhun wake gaban jama'a bayan wata da watanni, kamar ranar da anka zuba shi. Ba magani ko ɗigo. Ka matse iska, ka ɗaure ledar ciki, ka ɗaure ta biyu, ka ɗaure na waje, kowane daban. Ƙwaron shi da kanshi za ya shanye iskar da ta rage ya mutu.

Hajiya Mai Awara: Ni bido nake amfani da shi, mai lita 25, wanda aka ci mai aka wanke ya bushe. In cika shi taf har wuya, in sa leda a baki in murɗa marfi. Tun kaka nake ɗiba bido-bido, ban taɓa ganin saƙa ba. Amma ni tiya nake lissafi, ba tan ba.

Alhaji Mai Mangaza: Baba, buhun PICS 60 kuɗi ne fa. Ga lebura.

Baba na Tarna: Ɗana, auna da abin da za a rage maka a kowane buhu in mai saye ya soka hannu ya jawo saƙa. Kuma in ɓera bai huda ba, baɗi ma da shi za ka yi aiki.

Malamin Gona: Ga yadda zan yi in nawa ne. Ba duka 60 ɗin ne suka kamu daidai ba. Tsutsar nan ta sama ce, tana son bakin buhu da buhunan da ke waje-waje. A fito da su duka tsakar rana, a ware masu saƙa gefe. A kwashe dunƙulen a ƙona ko a ba kaji nesa da mangaza. Sauran a bi shi da rariya, fasasshe da gari su zube, don su ne abincinta. A baza a tamfol ya sha ranar watan 4. Wanda ya fi kamuwa a shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, a baza shi siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki na awa biyu zuwa uku da tsakar rana, zafin da ke taruwa a ciki yana kashe tsutsa da ƙwai. Wannan na ci ne kawai, wanda za a shuka kada a gasa shi haka, waken soya dama ba ya da juriya wajen tsiro.

A bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗura. Kuma sai ya bushe sosai, danshinsa kada ya wuce kashi 12 cikin 100 in za a daɗe. In ba na'ura, ciza ƙwaya: ta fashe ƙas, to, ta lotsa, a mayar rana. Ɗanyen wake a cikin leda ruɓewa zai yi, ka gudu daga tsutsa ka faɗa hunhuna.

Ita kuma mangazar a share ta tas tun daga kwano, a kankare tsagogin bango inda suke naɗe kansu, a liƙe da siminti. Tsofaffin buhuna kada su koma ciki. A jera sabbin a kan katako, a bar tazara da bango.

Mai Shago: Allon fa? Ya tashi a banza ke nan?

Malamin Gona: Inda doka ta yarda da shi, wurinsa ɗaki ne rufaffe wanda ba a kwana, ba a zama, a rataye shi sama ba ya taɓa buhu, don tare sabuwar uwa. In kaya na cikin leda biyu a ɗaure, uwar ma ba ta da inda za ta yi ƙwai, kuɗin allon ya huta.

Ɗalibi: Malam, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo an nuna mana wata tsutsa da ake kiwo a cikin hatsi da gangan, Corcyra. Ita ce wannan?

Malamin Gona: 'Yan gida ɗaya ne. Masu damun kayan ajiya a nan uku ne sanannu: Corcyra, da Ephestia, da Plodia mai fiffike rabi fari-fari rabi jan ƙarfe. Ita Corcyra ana kiwonta ne don ciyar da wani ɗan ƙaramin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ake sakawa a 'yan jakunkuna a kai gonaki ya kashe tsutsar zangarniyar hatsi. Abin dariyar, zanzaron nan yana kama tsutsar mangaza ma, kuma allon Alhaji shi zai fara kashewa. Alhaji, turo hoton gawa ɗaya mu ga wacce ce baƙuwarka.

Alhaji Mai Mangaza: Yaro ya riga ya share. In na samu zan turo.

Alhaji Mai Mangaza: Salam jama'a, na dawo da labari bayan kwana shida. An duba yaron, an ce da sauƙi, yanzu a rumfar waje yake kwana, na sa an ƙara kwaɗo a ƙofa. Mun fito da kayan. Buhu 14 ne masu saƙa sosai, duk na layin da ke jikin bangon da gyaɗar ta zauna. Da aka tankaɗe duka, fasasshe da gari da datti sun kusa cika buhu uku, abin da na biya kuɗin wake a kansa ke nan. PICS 40 na samu, sauran 17 ɗin zan sayar yanzu, ba zan jira damina da su ba.

Hajiya Mai Awara: Alhaji, cikin 17 ɗin a ajiye mini biyu, amma sai na zo na shinshina da kaina.

Ɗan Jibiya: Hajiya in kin saya ni zan kai miki gida kyauta, mu shirya.

Hajiya Mai Awara: A motar da kake ajiye kwalbar? A'a, na gode, zan ɗauki amalanke.

Baba na Tarna: Alhaji, rariyar da ka ara wurin ɗana a maido ta kafin Juma'a, muna da aikin gyaɗa.